Bahagon Gidan Wanzamai

Ƙanena Kamilu bahago ne, kuma sai da ya shekara ashirin a duniya kafin a yarda a faɗi haka da babbar murya a gidanmu. Da ɓarawo ne da an fi saurin faɗa, don ɓarawo ko ba komai a ce sharrin abokai ne. Hannun hagu kuwa babu wanda za a ɗora wa laifinsa, daga cikin gida ya fito.

Gidanmu gidan wanzamai ne a Kebbe. Mahaifinmu, Jumare Wanzam, ya gaji zabira wajen ubansa, shi ma uban wajen nasa ya gada. Ga wanda bai san yadda abin yake ba, kowane wanzami yana da gidajensa. Shi ke aske magidanci da 'ya'yansa duk shekara, shi ke askin suna, shi ke kaciya, ba a ba shi komai a hannu. In kaka ta yi, kowane gida ya aiko masa da damin gero ko na dawa, ranar suna kuma a ware masa kasonsa na nama. Da wannan muka ci muka girma. Baba ba shi da wata gonar kirki, kawunan mutane su ne gonarsa. Mata huɗu ya haifa a jere, ni Nasiha ni ce ta uku, kafin Allah ya kawo namiji. Ranar da aka haifi Kamilu, Baba ya aske kai bakwai kyauta a ƙofar gida, har da na wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya kawai.

Murnar ba ta kai shekara uku ba. Inna ce ta fara lura yaron da hagu yake miƙa hannu, ta yi shiru, tana juya masa kwano ta ɓangaren dama kamar hakan zai ruɗe shi. Ranar da Baba ya gani da idonsa, ya ajiye lomar da ke hannunsa ya tashi, bai ƙara cin tuwon ba.

Bari in yi adalci, ko da yake ba halina ba ne. Ci da dama, sha da dama, gaisawa da miƙa wa babba abu da dama, wannan tarbiyya ce, kuma Kamilu ya iya su tun bai kai shekara huɗu ba. Da a nan aka tsaya da babu labari. Amma Baba ya ce hannun da ake tsarki da shi ba zai riƙe askar kakansa ba, ba zai hau kan dattijan Kebbe ba, kuma tunda aska ce makomar yaron, to hagun nan a kashe shi gaba ɗaya. Jifa, shara, ɗaukar buta, sosa ƙeya, komai da dama. Aka samo tsohon ɗankwalin Inna ana ɗaure masa hannun a kugu daga safe zuwa azahar. In an kwance, sai a sa masa ɗan sanda.

Ɗan sandan nan ni ce. Shekarata tara, bakina kuma tun lokacin ba ya hutawa. Duk sanda na kama shi ya ɗauki abu da hagu sai in ruga in faɗa, a zane shi da bulalar dalbejiya, ni kuma a ba ni alewar madara. Na sha alewa a kan yaron nan har haƙorina ɗaya ya lalace. Ba na faɗin wannan don a yaba mini gaskiya, ina faɗa ne don kada wani ya zaci daga gefe na tsaya ina kallo.

Aikin ya yi kyau, in dai abin da ake nema shi ne a lalata yaro. Kamilu ya tashi yana ɓarin duk abin da aka ba shi. A makaranta rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan tawada, malamai suka yanke hukunci daƙiƙi ne. In an aike shi da koko sai rabi ya isa. A gida aka ce hannunsa ba shi da albarka, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi wane hannun ake nufi.

Yana shekara goma sha biyu Baba ya fara koya masa sana'a. A gidanmu da duma ake farawa: a shafe shi da kumfar sabulu, a ba yaro aska ya kwashe kumfar ba tare da ya karce fatar duman ba. Kamilu ya kashe duma ya fi a ƙirga. Da Baba ya gaji da asarar duma, sai ya ce ai kan mutum ne ke koya wa hannu hankali, ya sake shi a kan yaran gidajensa. Daga yara aka hau kan samari, daga samari aka kai magidanta. Ranar Juma'a in ka je masallaci a unguwarmu, ba sai an gaya maka wanda Kamilu ya aske ba, za ka ga ɗigon auduga a manne a ƙeya, wani biyu, wani biyar. Suka sa masa suna Mahauci. Manya da gemunsu, in sun hango shi tafe da zabira sai su tuna suna da aiki a fadama.

Abin da ke ba ni haushi har yau, duk mutanen nan sun san bahago ne. Garin ba shi da girman da za a ɓoye yaron da aka shekara ana ɗaure wa hannu. Amma babu ɗaya da ya taɓa cewa, Jumare, bar yaron nan ya gwada ɗaya hannun. Sun gwammace a yanka su da dama. Su zauna, a fasa musu ƙeya, su tashi suna tsaki, wani makon su dawo. Shekara bakwai ana wannan ibada.

Yana da sha tara ya gudu. A lokacin na yi aure a Tambuwal, ina koyarwa a wata firamare. Sai ga shi wata Lahadi a bayan ɗan kabu-kabu da jakar leda, ya ce ya bar wanzanci har abada, aikin ƙauye ne, shi sabon mutum zai zama. Na ba shi ɗakin zaure. Cikin mako biyu sabon mutum ya bayyana. Sunansa Kamal. Yana sa tabarau marar magani, yana tafe yana gyara shi a hanci. Ya sami wata waya mai fasasshen gilashi, kullum tana kunnensa, wasu mutane masu kwat suna gaya masa ya yarda da kansa, ya fita daga inda ya saba, duniya tana jiransa. Ya haddace maganganun nan tsaf yana zuba mini su ina tankaɗe. Na ce masa duniya dai ban sani ba, amma randar gidan nan tana jiran ruwa.

Da neman aiki ya yi neman aiki, ina ya ƙare? Shagon askin wani Mu'awiya, kusa da tasha a bakin titin Sakkwato. Wato ya baro wanzanci ya zo ya kama wanzanci mai janareta. Na yi dariya har na ƙware, amma a raina na ji daɗi, na ce to a nan dai babu Baba, babu dattijan Kebbe. Mu'awiya mutum ne da ko da ƙafa ka riƙe kilifa, injin askin nan, ba ruwansa, in dai layin goshi ya fita daidai. Masu zuwa shagon kuma direbobi ne da 'yan makaranta, idonsu na kan waya, ba su san ma wa ke tsaye a kansu ba.

Kamilu ya ɗauki kilifa da dama.

Babu wanda ya sa shi. Babu ɗankwali, babu bulala, ɗan sandan ma ta yi ritaya tana koyar da 'yan aji uku. Shi da kansa ya ɗauko ɗaurin daga Kebbe ya zo da shi Tambuwal a jakar leda. Layin goshi ya riƙa fita a karkace, wani direba ya kusa marinsa, Mu'awiya ya mayar da shi sharar gashi da tayar da janareta. Janaretan ma da dama yake ja, sai ya ja sau biyar kafin ta kama. Da yamma ya dawo ya sa tabarau ya gaya mini mutum shi ke gina kansa.

Wata Asabar na je biki na dawo da wuri, kaina na ciwo. Na shigo babu sallama mai ƙarfi, sai na ji motsi a bayan madafa. Kamilu ne zaune a kan turmi, ya tuɓe riga, yana aske kansa da reza, babu madubi. Da hagu. Na tsaya a bakin katanga ban yi motsi ba. Ni 'yar wanzami ce, na san aski in na gan shi. Hannun nan yana tafiya a natse, daga goshi zuwa ƙeya ja ɗaya, ya lanƙwasa kunne da yatsa ya zagaye bayansa, ya sauka dokin wuya inda Baba kansa yake rage sauri, shi bai rage ba. Ko ɗigon jini babu. Ban taɓa ganin Baba ya yi aski mai kyan wannan ba, kuma Baba gwani ne.

Da ya ɗago ya gan ni, sai ya saki rezar ta faɗi ƙasa, ya kai hannun bayansa ya ɓoye. Saurayi mai shekara ashirin, da gemu a haɓa.

"Yaya, don Allah kar ki faɗa ma Baba," ya ce.

Ban san lokacin da hawaye suka zo mini ba, kuma ni in na ji kuka na tafe sai in hau faɗa. Na ce ya fiddo hannun nan kafin in ci mutuncinsa. Na kira shi sakarai, na kira shi matsoraci, na ce masu kwat ɗin wayarsa asarar caji kawai suke yi. A cikin zagin ne na cusa cewa ni ce na cuce shi, ya yafe mini. Haka na iya neman gafara, ban iya wata ba. Na gaya masa na taɓa tambayar malaminmu na Islamiyya, ya ce abin da ya sani shi ne ci da sha da makamantansu, bai san inda aka hana bahago yin sana'a da hannun da Allah ya ƙarfafa masa ba. Na zaci albishir nake yi masa. Ashe shi ma ya tambaya, tun shekara uku da suka wuce, malami biyu ma.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Amma in na ɗauki abu da shi gaban mutane, sai in ji awa tsirara nike."

Washegari ya koma shago ya ja janareta da dama. Na yi kwana uku ban yi masa magana ba.

Bayan wata biyu Inna ta kira ni. Hannun Baba ya fara rawa. Ya daɗe yana ɓoyewa a cikin hannun riga, yana cewa sanyi ne, amma kofin shayi ba ya rufa wa kowa asiri. Gida biyu sun riga sun koma wajen wani wanzami da ke zuwa daga Fakku a kan babur. Yanzu kuma an yi haihuwa a gidan Ɗanmaliki, suna ranar Alhamis. Ɗanmaliki shi ne babban manomin unguwarmu, gidansa ya fi kowane gida kawuna, kuma tun kakanmu mu ke aske su. Ya kira Baba gefe ya gaya masa cikin mutunci cewa kan jariri ba wurin hannu mai rawa ba ne, ya kawo ɗansa, in kuma babu, zai nemi na Fakku. Kowa ya san in gidan Ɗanmaliki ya tafi sauran ma sun tafi, don mutanenmu ba sa yanke shawara, leƙen maƙwabci suke yi. Abincin iyayenmu na shekara ya rataya a kan askin nan guda.

Baba bai kira Kamilu da bakinsa ba, Inna ya sa. Muka kama hanya ranar Laraba. Tun daga tasha nake yi masa huɗuba har muka sauka. Abu ɗaya na lura, kafin mu shiga gari ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Ranar Alhamis da safe aka raɗa wa yarinya suna Ihsan a ƙofar gida, aka yanka rago, sannan aka shigo da wanzamai tsakar gida inda mata suke. Ina cikin matan, na sami wuri kusa da rumbu inda zan ga komai. Hajiya Umma, matar Ɗanmaliki kuma kakar jaririyar, ita ta zauna a kan tabarma ta rungume ta. Baba ya zauna a gefe, hannayensa a cikin riga. Kamilu ya durƙusa ya buɗe zabira. Na ji wata a bayana tana cewa Allah ya kiyaye, Mahauci ne.

Ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya shafa sabulu. Ya ɗauki aska da dama, ya kai ta kusa da kan. Kan jariri ɗan kwana bakwai abu ne mai ban tsoro, fatar kamar ta albasa, ga maɗiga tana bugawa a tsakiya kana gani. Hannun ya tsaya a sama, a sandare, yadda na san shi tun yana yaro. Ya daɗe a haka har Hajiya Umma ta ɗago ta dube shi. Sai ya ja numfashi, ya mayar da askar hannun hagu, ya tallabi kan da dama, ya fara.

Wallahi yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Gashin yana sauka a kan tsumma baƙi sumul, fatar tana fitowa fes, ita tana barcinta. Ya gama ɓangare ɗaya, ya zagaye maɗigar kamar ba ta nan. Har na fara cewa a raina shi ke nan, an wuce wurin. Na manta a kowane taro akwai irina ta da, mai jiran alewa.

"Hajiya, da hagu fa shika yi," wata ta ce.

Hajiya Umma ta fizge jaririyar zuwa ƙirjinta. Da ba don Kamilu ya ɗauke askar da sauri ba, da ita da kanta ta jawo abin da ake tsoro. Ba ta ko dubi kan da aka aske ba, Baba ta duba.

"Jumare, hannun tsarki ka kawo ma jikata ran sunanta?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, a hankali, "Kamilu, mai da ta dama."

"Baba, in na mai da ta dama sai na yanke ta. Kai ka sani, kowa nan ya sani."

"Nic ce ka mai da ta."

"Ba ni yi, Baba."

Bai ɗaga murya ba. Ya goge askar, ya naɗe ta ya sa a zabira, ya miƙe ya tsaya a gefe, hannayensa biyu a sake a gabansa inda kowa zai gani. Bai kai hannun baya ba.

Ba a sha wahalar neman wanzami ba. Ashe na Fakku yana ƙofar gida tun asuba a cikin 'yan suna, Ɗanmaliki ya gayyato shi ko da za a buƙata, wato mutuncin da ya yi wa Baba da saura a aljihu. Ya shigo da bisimillarsa, ya ɗauki aska da hannun dama mai albarka, ya kama ragowar rabin. Bai kai ƙarshe ba ya karce ta a bayan kunne. Yarinya ta tsala ihu, jini ya ɓullo, aka manna auduga. Hajiya Umma ta jijjiga ta, ta ce ba komai, haka aski yake. Ni kuwa na ce a juya kan yarinyar kowa ya ga ɓangaren tsarki da ɓangaren albarka, a faɗa mini wanne ke jini. Ban gama ba aka kama hannuna aka raka ni waje, ko tuwon suna ban ci ba.

Gidan Ɗanmaliki ya tafi, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Da kaka ta yi, damin da ya shigo gidanmu bai rufe ƙasan rumbu ba. Baba ya daina yi wa Kamilu magana, in zai ba shi saƙo sai ya gaya wa Inna alhali yaron yana tsaye a wurin. Na ɗauka zai tattara ya biyo ni Tambuwal ya koma Kamal, har na share masa ɗakin zaure. Bai zo ba. Ya sayi askarsa da rezoji, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, ranar kasuwa kuma ya kai ta gindin wata bishiya kusa da masu sayar da dabbobi, ya zauna yana wasa aska da hagu a gaban duk mai wucewa.

Makonni babu wanda ya zauna. Waɗanda suka fara ba shi kai makiyaya ne da suka sauko da shanu cin karan gonaki bayan girbi. Su ba su san Mahauci ba, ba su san Hajiya Umma ba. An ce wani ɗan gari ya ja ɗaya daga cikinsu gefe ya gaya masa wanzamin nan bahago ne, Bafillacen ya shafa kansa ya ce shi dai bai ji zafi ba, ya turo ƙannensa biyu. Daga nan samari suka fara zuwa, don su abin da ya dame su kyan aski. Da ɗan abin da yake samu ya riƙa auno hatsi yana kai wa Inna, Baba yana ci yana kawar da kai.

Dattijan ne suka fi ba ni dariya. Wanzamin Fakku sai ranar da ya ga dama yake zuwa, kai kuma ba ya jira. Sai ka ga magidanci ya zo wucewa ta ƙofar gidanmu da rana tsaka, lokacin da kowa ke ciki, ya tsaya gaisuwa mai tsawo, ya waiga hagu ya waiga dama, sannan ya ce ko za a shiga zaure a ɗan rage masa. Kamilu ya ce musu a'a. Tabarma tana waje, mai so ya zauna a waje. Wasu suka yi fushi suka tafi, wasu suka zauna suna kallon ƙasa kamar an kama su da satar kaza. Ranar da Inna ta ba ni wannan labari a waya na ce to, yanzu na yi ƙane.

Saura mutum ɗaya. Baba ba ya iya aske kansa, kuma ya gwammace ya mutu da ya miƙa kansa ga na Fakku. Wata biyu, wata uku, gashi ya taru. Wanzami ɗan wanzami, mutumin da bai taɓa kai Juma'a biyu da gashi ba, ga furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin hula, tana sauka a kan kunne. Ya riƙa danna hular har gira, ya daina zama majalisa. Tabarmar aski tana ƙofar gidansa, kullum sai ya raɓa ta ya wuce masallaci, ya raɓa ta ya dawo. Taurin kai irin na gidanmu ba a saya a kasuwa.

Na zo hutun makaranta, wata Juma'a da hantsi ina zaure ina tsince shinkafa, ina hango waje. Mutum uku suna jiran layi a kan benci. Kamilu ya gama da wani saurayi yana karkaɗe tsumma, sai ga Baba ya fito. Na zaci wucewa zai yi. Ya tsaya a bakin tabarmar, ya cire takalmi, ya zauna. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Bai dubi kowa ba, na kan bencin ma kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Kamilu ya ajiye tsumman. Sannan ya durƙusa, ya jiƙa furfurar nan, ya shafa sabulu, ya ɗauki aska da hagu. Ban ga hannunsa ya yi ko gezau ba. Ni ce shinkafa ta zube mini.

Da ya gama, Baba ya kai tafinsa mai rawa ya shafa kan, daga goshi zuwa ƙeya. Ya sake shafawa, ya bi bayan kunnuwa, ya duba yatsunsa. Rauni yake nema, na san shi. Bai samu ba.

"Tun yaushe ka iya wanga?" ya ce. Ita ce maganar farko da ya yi masa tun ranar suna.

"Tun ina sha biyu, Baba."

Baba ya kai hannu ga hularsa, har na zaci ya gama. Sai ya ce, "Kuma kab bar ni ina ta dukanka."

Saura kaɗan in fito da tiren shinkafa a hannu. Wato har wannan ma laifin yaron ne. Amma na dubi fuskar tsohon, na ga bakinsa yana rawa fiye da hannun, sai na koma na zauna. Iyakar abin da zai iya ke nan, kuma na san a wajen wa na gaji irin wannan neman gafara.

Kamilu ya karkaɗe masa gashin kafaɗa. Ya ce masa sannu, ya goge askar, ya ce na gaba ya matso. Baba bai shiga gida ba. Ya ja jiki zuwa gefen tabarmar, ya ɗauki kwanon ruwan aski da hannu biyu ya riƙe masa. Ruwan yana ta zuba a kan rigarsa ta Juma'a, rabi ya ƙare a ƙasa. Kamilu bai ce ya ajiye ba, ya riƙa tsoma yatsunsa a ciki har ya gama da mutum ukun nan.